Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano: A Ba Masu Fasahar Yadi da Rini Ɗaki Guda

Zuwa ga Shugaba da ma'aikatan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano,
Gidan Ɗan Hausa, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙo ne ya kawo ni, kuma gara in faɗe shi tun yanzu don kada in ja ku da nisa. Ina roƙon hukumarku ta ware ɗaki guda, ko da ƙarami ne, inda masu fasaha na wannan zamani za su riƙa nuna ayyukan da suka yi da yadi da zare da rini, su da marina da masaƙa da maɗinkan da ke raye a ƙasar Kano. Ba baje kolin kayan gargajiya nake nufi ba, wannan ana yi, Allah ya saka da alheri. Ba kuma gasar ɗinki ba, wadda 'yan mata za su yi ta kai da kawowa a kan dandamali. Ina nufin aikin da za a rataye a bango ko a shimfiɗa a fili, mutum ya tsaya gabansa ya tambayi kansa daga ina da ina aka haɗo mu.

Abin da ya sa na rubuto a bainar jama'a shi ne gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Facebook da TikTok, ta wane ne Bahaushe na asali, wane ne baƙo, wane ne ya ari yaren wani. Yara masu jini a jika suna zagin juna a kan jini da tsatso, kowa na neman tsantsar da babu gauraye. Ni kuwa ina ganin da mai wannan gardama zai tsaya ya dubi abin da ke jikinsa ranar Juma'a, da ya sassauta murya. Shaddar da yake tinƙaho da ita, Gezna, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya kamfanin Getzner yake saƙa ta. Hular da ya kafa, in zanna ce, daga Borno salonta ya zo. Aska takwas da ke ƙirjin babbar rigarsa, da mu da Nufawa muka yi tarayya a kanta shekaru aru-aru, Bayarabe kuma ya sa irinta ya fita biki. Alkyabbar da hakimi ke yafawa ranar hawa daga arewacin Afirka ta ƙetaro Sahara. Uwargida kuma tana cikin atamfa Holan ko Kodebuwa, ko leshin da asalin kasuwarsa garin Lustenau ne a can Ostiriya, ko laffaya irin ta matan Borno da Sudan. Duk wannan a jikinmu yake, kuma babu wanda zai ganmu ya ce ba shigar Hausawa muka yi ba. To ina tsantsar take?

Kun fi ni sanin cewa wannan ba sabon abu ba ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Gat har Tarabulus, suna kaiwa Tambutu har bakin Tekun Atlantika, sun game Borno, sun gangara Adamawa. Ya ƙiyasta kuɗin wanda ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Kayan da suka yi irin wannan tafiya ba sa tafiya su kaɗai, mutane ne ke kai su, mutane ne ke biyo su. Sunayen unguwannin birni sun isa shaida: Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarbawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna. Marinan Kura sun yi ƙarnuka suna rina turkuɗi, mabuga suna bugunsa da shuni har ya yi ƙyalli, ba don Bakano ba, don Buzun da zai naɗa shi a Azbin, shunin ya zauna masa a fata. Wato abin da duniya ke gani a hoto ta ce alamar Abzinawa ce, hannun mutumin Kura ne a ciki. Alharini, jan silikin nan da ake sakawa a riguna masu tsada, ragowar masaƙun Turai ne da ayari ke kawowa ta Tarabulus. Zaren tsamiya kuwa daga gidan tsutsar dajinmu ake kaɗa shi, Yarbawa ma suna saƙa shi su yi ado. Fataken da suka bi hanyar Gwanja da tufafin Kano suka je Salaga, suka dawo da goro, wasu suka zauna suka kafa zango, jikokinsu suna can har yau suna Hausa.

Ko ofishin da wannan wasiƙa za ta same ku, gidan Hanns Vischer ne, haifaffen Basel ta Suwizalan, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, Kanawa suka raɗa masa Ɗan Hausa. Wannan dai tsokaci ne, mu koma kan yadi.

Abin da ke damuna shi ne wasu can sun ɗauki irin wannan labari sun mai da shi fasahar da duniya ke tururuwar kallo, mu da muke da tushen abin muna zaune. Bari in kawo mutum huɗu.

Yinka Shonibare an haife shi a Landan a 1962, ya tashi a Legas, ya koma Ingila karatu. Yana makarantar koyon zane yana aiki a kan siyasar Tarayyar Sobiyat, sai wani malaminsa ya tambaye shi me ya hana shi yin fasahar Afirka ta asali. Tambayar ta kai shi kasuwar Brixton neman atamfa, a nan ya gano cewa wannan yadi da kowa ke ɗauka tambarin Afirka ne, kwaikwayon batik ne na mutanen tsibirin Jaba a Indonesiya. Turawan Holan ne suka yi ta ƙoƙarin buga shi da inji a ƙarni na 19 don su sayar a can, kasuwar ba ta karɓa yadda suka so ba, sai ya samu shiga a gaɓar Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco, mai atamfar da ake sa wa a saman akwatin lefe, yana garin Helmond tun 1846. Shonibare bai ce tunda haka ne atamfa ba tamu ba ce. Ya ce ai wannan gaurayen shi ne labarin. A 2010 ya kafa samfurin jirgin ruwan yaƙin Nelson a cikin wata ƙatuwar kwalba a dandalin Trafalgar, tsakiyar Landan, amma tufafin da ke kama iska a jirgin duk na zanen atamfa ne. A 2014 ya naɗe littattafai fiye da 6,000 da atamfa, ya rubuta sunayen baƙin da suka yi ƙaura zuwa can da 'ya'yansu da suka yi wa Birtaniya aiki da ruwan zinare a bayan dubbai daga ciki, ya kuma cusa sunayen waɗanda suka yi adawa da zuwan baƙi a tsakaninsu. Gidan adana ayyukan fasaha na Tate ya sayi aikin a 2019. Ku duba dabarar: bai yi wa kowa wa'azi ba, ya jera su a kanta ɗaya cikin riga iri ɗaya, ya bar mai kallo da tunaninsa.

Wanda ya fi kusa da mu, a ganina, shi ne Abdoulaye Konaté na Mali, haifaffen Diré a 1953, wanda ya yi karatu a Bamako da Habana ta Kuba. Shadda ce kayan aikinsa, irin wadda matan Bamako ke rinawa, wadda 'yan kasuwarmu ke zuwa saro. Yana yayyanka ta siri-siri, a ɗinka dubbai a jere a kan babban ƙyalle, launi yana sauka daga baƙin shuɗi zuwa fari a hankali har ido ya rasa inda ɗaya ya ƙare. Ya yi aiki a kan rigunan mafarautan Mande masu layu, kuma duk wanda ya taɓa ganin rigar ɗan tauri ko ta maharbi a ƙasar Hausa zai gane ta nan take. Ya yi a kan cutar ƙanjamau, ya yi a kan Isra'ila da Falasɗinu. A babban baje kolin fasaha na birnin Banis ta Italiya na 2017 ya rataye wani dogon aiki na shuɗi da ya danganta da ƙabilar Guarani ta Barazil. Shaddar da asalinta Turai, rinin matan Mali, labarin mutanen Kudancin Amurka, a ƙyalle guda.

Ɗan ƙasarsu Aboubakar Fofana, wanda aka haifa a Bamako ya tashi a Faransa, ya je har Japan ya ƙaro sanin rinin baba, ya dawo gida yana farfaɗo da shi ba tare da sinadarin kanti ba. A 2017 ya rina tumaki masu rai da baba a birnin Atina na Girka don ya yi magana a kan 'yan Afirka da ke watse a duniya. Ganye da toka da haƙuri, abin da ake yi a Ƙofar Mata ke nan, inda aka ce karofin ya samo asali tun 1498.

Sai Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, haifaffen 1987. Ya fara da tsofaffin buhunan algarara, waɗanda ake saƙawa a Asiya, a zuba koko a Ghana, in sun tsufa su koma na gawayi da hatsi, kowane da tambarin hannun da ya bi. Ya sa an ɗinke su, ya lulluɓe gine-gine da su, har wani dogon lungu a Banis a 2015. A 2024 ya lulluɓe fuskar ginin Barbican a Landan da saƙi mai faɗin kusan murabba'in mita 2,000, wanda ɗaruruwan masu sana'a suka ɗinka da hannu a filin wasa na Tamale, aka manna tsofaffin batakari, rigunan saƙi na arewacin Ghana, kusan 100 da ya karɓo daga hannun masu su, da guminsu da facinsu. Abin da ya fi burge ni da shi ba Landan ba ce. Kuɗin da ya samu ya koma da su gida, ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, ya ƙara da wani fili inda yaran makaranta ke shiga tsofaffin jiragen sama suna ɗaukar darasi. Tamale fa, ranku ya daɗe, ba Accra ba. Garin da ke kan tsohuwar hanyar fatakenmu. An yi zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce wannan fasahar zamani ai gumaka ne da hotuna, ba ta dace da garin Musulunci ba. Gaskiya ne wasu ayyukan Shonibare mutum-mutumi ne marasa kai da ya sa wa kayan atamfa, kuma ba na roƙon a kawo irinsu. Amma yawancin aikin Konaté na baya-bayan nan babu siffar mai rai a ciki, launi ne da tsari. Buhunan Mahama ma haka. Mu da muka gaji zayyanar Alƙur'ani, da dagi a bangon soro, da ɗinkin hannu a wuyan riga, ba mu da buƙatar aron hanya wajen faɗar magana ba tare da zana fuska ba. In akwai fasahar zamani da ta dace da Kano ba tare da an kai ruwa rana ba, to ta yadi ce.

Za a kuma ce mutane na fama da abin sawa a baka, wa ke ta rataye ƙyalle a bango? Wannan ta fi nauyi. Amsata ita ce marinin da ke zaune bakin rijiyar da ta bushe shi ma abin sawa a baka yake nema. Rinin baba aiki ne mai cin lokaci: a zuba ruwa da toka da katsi da baba, a jira ya nuna, a yi ta motsawa, a tsoma yadi a ɗaga ya sha iska ya juye daga kore zuwa shuɗi, a sake tsomawa har launin ya kama. Ba zai taɓa yin gasar araha da yadin da inji ya buga a Sin aka jibge a Kantin Kwari ba, kuma duk wanda ya ce zai dawo da wancan zamani yaudarar kansa yake. Hanyar da ta rage wa irin wannan sana'a ita ce ta hau sama, ta zama abin da ake saye don darajar hannun da ya yi shi. Nike Davies-Okundaye ta yi wa adire, rinin Yarbawa, haka daga Oshogbo har Legas, ta koyar da mata masu yawa. Alphadi, mai tsara tufafi na Nijar, ya kai bikin kayan ado cikin hamada kusa da Agadas a 1998, duniya ta bi shi can.

Akwai kuma labarin da har yanzu ba mu ba kanmu ba, kuma yadi ne kaɗai zai iya ba da shi yadda ya kamata. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya har Kakuri ta cika da ma'aikata: Bahaushe da Tibi da Idoma da Igala da Bayarabe da mutanen kudancin Kaduna, suna shiga aiki da jiniya ɗaya, suna cin abinci a rumfa ɗaya, wasu suka auri juna. Kano ma ta yi nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Rashin wuta da fasa-ƙwauri da tsadar man inji suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya, har babbar cikinsu, United Nigerian Textiles ta Kaduna, ta rufe a 2007. Mutane da yawa sun mutu suna jiran haƙƙinsu. Atamfofin da waɗannan masaƙu suka buga suna nan a ƙasan adakar iyayenmu, wasu sun zama zanen goyo, wasu tsumma. Da wani yaro mai basira zai bi gida-gida ya karɓo su, ya sa a ɗinke su bango guda, a yi wa kowane ƙyalle ɗinkin sunan ma'aikaci ɗaya da garinsu, da mun ga taswirar Arewa wadda babu ɗan siyasar da ya taɓa zana mana irinta. Haka akwatin lefe: a buɗe na kaka da na uwa da na jika a jere, a rubuta ƙasar da kowane turmi ya fito, a ga yadda duniya ta riƙa shigowa ɗakin Bahaushiya cikin shekara 70.

Masu yin aikin ba nema za a yi ba. Zariya tana nan kusa. A can ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka ce ba za su zama 'yan kwaikwayon Turawa ba, za su haɗa abin da suka koya da abin da suka gada. Jami'ar Ahmadu Bello har yau tana yaye masu zane da masu nazarin yadi duk shekara, da yawansu 'ya'yanmu ne, sai su ƙare a buga rigunan kamfe da allunan talla don babu inda za su nuna abin da ke ransu. Ku haɗa irin waɗannan da marinan Ƙofar Mata da na Kura, da masu ɗinkin hannu na Zariya, na wata uku ko huɗu, a ba su kayan aiki da ɗan abin sawa a aljihu, a bar su.

Amma da sharaɗi, kuma a nan ne nake so hukuma ta tsaya da ƙafarta. Irin wannan haɗin gwiwa yakan zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai digiri ya kawo tunani, marini ya yi wata biyu hannunsa cikin baba, ranar buɗe baje koli sunan mutum ɗaya ne a bango, shi ake ɗauka hoto, shi ke sayarwa da dala. Ko manyan da na ambata a sama ba su tsira daga wannan tambaya ba, don ɗaruruwan hannaye ne ke ɗinka abin da ake kira da sunan mutum guda. A ɗakin da nake roƙo, a rubuta sunan duk wanda ya taɓa aikin, a kuma yanke kason kowa a rubuce tun kafin a tsoma yadi a rijiya. Kada a manta da matan da ke cikin gida. Su ne ke ɗaure yadi da zare kafin a kai marina, zanen da ke fitowa bayan an kwance nasu ne. Su ne ke zama da allura makonni a kan hula ɗaya, dillali ya karɓa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In mace ba ta son a ambaci sunanta, a tambaye ta, kada a yanke mata. A kuma sa rana ta mata zalla, don su zo su ga aikinsu a rataye.

Bayanin da za a liƙa gefen kowane aiki a yi shi da Hausa tukuna, boko da ajami, Turanci ya biyo baya. Dattijon da ya yi shekara 50 a bakin karofi ya cancanci ya karanta abin da aka ce game da sana'arsa ba tare da ɗan jagora ba. Kuma kada ɗakin ya zama na Kanawa kaɗai, don hakan zai ƙaryata labarin da ake son bayarwa. A gayyato masaƙa daga Bida, masu ɗinkin hula daga Maiduguri, masu sana'a daga Damagaram da Agadas, da matasan Tamale. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya daɗe da ajiye masu sana'ar hannu suna aiki a harabarsa baƙi na kallo, akwai abin koyo a nan. Gidan Makama kuma, ko da yake a hannun hukumar tarayya yake, maƙwabcinku ne, ana iya neman aron tsofaffin riguna a rataye su kusa da sababbin ayyuka na ɗan lokaci.

Game da lokaci, tunda UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, baƙi za su riƙa ƙaruwa a makon sallah, kuma bayan Hawan Daushe da Hawan Nasarawa yawancinsu ba su san inda za su nufa ba. A buɗe ɗakin a wannan mako, ya yi wata biyu, 'yan makaranta su biyo baya. Zagayen farko ba ya buƙatar sabon gini ko kwangila. Ɗaki ɗaya mai haske, masu fasaha biyar ko shida, marina da maɗinka goma, da kuɗin yadi da baba da ladan aiki. Manyan 'yan kasuwar Kwari, waɗanda arzikinsu daga yadi ya fito, ina kyautata zaton ba za su ƙi ɗaukar nauyin wannan ba in hukuma ce ta je musu da takarda a hannu.

Matakin farko da nake roƙo shi ne ku kira zama guda kafin azumi mai zuwa, a gayyaci shugabannin marina da na masaƙa da na maɗinka, da malaman sashen zane na Zariya da na manyan makarantun Kano, da wakilan kasuwar Kwari, a ji ta bakin kowa, a kuma sanar da jama'a abin da aka tsayar ta rediyo.

Allah ya taimake ku a kan aikin da aka ɗora muku.

Wassalam,
Naku, wani malamin zane a birnin Kano.